Fakon da Aka Ara wa Hansai

Ranar da Alhaji Abdurrahman ya karɓe lambun Hansai, a kan idona aka yi, don haka kada wani ya zo ya ce mini ƙari nake yi. Tsakanin gidanmu da nasu a unguwar Hausawa ta Garwa katanga ce guda, ita ma damina ta cinye mata kai, in na tsaya shanya ina hango bayan gidansu tas. Ni Fadimatu, tun ina amarya nake maƙwabtaka da su.

Hansai matar ƙanen Alhaji ce, marigayi Jafaru. Ya rasu ya bar ta a ɗaki ɗaya cikin gidan yayansa, da 'ya mace guda da ke aure can Mayo-Oulo, babu ɗa namiji. Da ta fita takaba ta roƙi Alhaji ɗan wurin da za ta shuka kayan miya, ya nuna mata bayan gida. Kai, wurin nan! Fako ne fari fat, irin wanda Fulani ke kira harde, ko tsidau ba ya fitowa a kansa. Ruwan sama in ya sauka, gudu yake yi ya wuce kamar an zuba a kan faranti. Ya ce, "Ga shi nan, aro na ba ki." Ta durƙusa ta yi godiya.

Da diga ta fara, in ta sara ƙarfen ya yi tsalle ya dawo mata, tafin hannunta ya fashe ya yi kanta. Da ta ga ƙarfi ba zai yi ba, sai ta shimfiɗa karan dawa da ƙaiƙayi a kai, ta yayyafa ruwa, ta bar wa gara. Na ce, "Hansai, mutane na korar gara, ke kina yi mata girki?" Ta ce, "Ƙyale ta, Fadi, 'yar aikina ce." Garar kuwa ta huda wurin ta ko'ina, ruwa ya fara samun hanyar shiga. Ta haƙa rami a gefe tana tara kashin awaki da toka da ɓawon gyaɗa da sharar tsakar gida, tana juyawa tana ba shi ruwa har ya ruɓe ya huce, don ɗanyen taki ƙone shuka yake yi. A lokacin ba a datse kogin Binuwai ba, in ya janye bayan damina yakan bar wata baƙar laka mai laushi a gaɓa. Ita take ɗaukowa a daro, a ka, tun daga bakin kogi har gida, ta gauraya da rairayi. Ban san sawu nawa ta yi ba, ita ma ba ta sani ba, na dai san gashin tsakiyar kanta a nan ya ƙare.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, sai ga fako ya zama ƙasa. Baƙa wuluk, in ka dumbuza ta marmashe a hannu, ga tana na yawo a ciki. Albasa, tumatir, alayyafo, yakuwa, har salati da matan ma'aikata ke aikowa a saya musu. Da lambun nan take sayen sabulu da man fitila da zanen ɗaurawa, ba ta zuwa ƙofar kowa ta tsaya tana murza hannu. Matar da ba miji ba ɗa, a gidan wani, abin da ya tsare mata mutunci ke nan.

Ran nan da hantsi tana ban ruwa sai ga Alhaji, hannu a baya, carbi na lilo. Bayansa Usmanu ne, ɗansa na fari, wanda aka koro daga lekol, wato makarantar boko, ya zauna gida ba aikin fari sai taje suma da jin rediyo.

Alhaji ya ce, "Hansai, sannu da aiki. Kai, wuri ya yi kyau, ma sha Allah."

"Sannu da fitowa, Alhaji."

"Dama na ce bari in sauƙaƙa miki. Wurin nan ya yi miki yawa, ga shekaru sun fara ja. Usmanu zai riƙe shi daga yau, yaro ya samu abin yi."

Ta ajiye bokiti a hankali. "Alhaji, wane wurin?"

"Wannan mana. Ai kin tuna aro na ce. Kuma mene ne a ciki? Usmanu ɗanki ne, abin da ya samu gida zai shigo."

"Albasata fa? Ba ta ƙosa ba."

"Abin da ya nuna ki cire. Sauran ai fili ne ya riƙe shi, fili kuwa na gida ne. Kada ki damu, ba zan bar ki haka ba, ga can na ware miki."

Can ɗin da ya nuna, wallahi sai da na riƙe baki. Kwarin da aka ɗebi ƙasar tubali ne lokacin ginin soro, inda ruwan wanki da na wanke-wanke ke gangarawa ya kwanta. Laka ce mai danƙo, da damina ta kama ƙafa, da rani ta tsage har hannu ya shiga, samanta ya yi fari kamar an barbaɗa kanwa. Usmanu ya sunkuya ya tsinki tumatir ɗaya ya goge a wando ya ciza, ya ce, "Inna, kin iya fa."

Da yamma na leƙa ta katanga na same ta zaune a bakin kwarin. Na ce, "Ki kai ƙara wurin mai unguwa, in raka ki." Ta ce, "In ce me? Mai unguwa kullum tare suke cin abinci a zaure. Zai tambaye ni aro ne ko kyauta, in ce aro, shi ke nan." Ta share ido da bakin zane ta miƙe. Ta ce, "Wancan ma ba da ƙasa na same shi ba."

Haka ta sake farawa. Ta yanka wa ruwan wanki hanya ya daina kwanciya, ta kankare farin saman ta zubar, ta bar damina ta wanke wurin. Laka mai danƙo rairayi take so da ƙaiƙayi mai yawa kafin ta saki jiki, ta koma jigilar kogi. Amma wannan karon gidan ba yadda ta saba ba ne. Ranar da ta shiga turken awaki da tsintsiya da kwando, Hajja matar Alhaji ta tare ta a ƙofa.

"Ina zuwa da kwando, Hansai?"

"Taki zan kwasa, Hajja."

"A'a. Alhaji ya ce takin gida na lambun gida ne. Toka ma a riƙa tara wa Usmanu."

"Hajja, ni nake share turken nan. Ni nake hura wutar nan."

"To wa ya ce ki daina? Ki share ki tara masa, lada kike samu."

Lada! Ita Hajja ban taɓa ganin ta nemi irin wannan ladar ba. Haka Hansai ta riƙa share turke tana kai wa lambun da aka ƙwace mata, nata ramin takin kuwa ba kome. Ni awakina biyu ne kacal, abin da suka yi nakan miƙa mata ta katanga tare da tokar murhuna, amma ina zai kai?

Berthe ce ta cece ta. Berthe 'yar dutse ce daga wajen Mokolo, Kirista, tana da awaki da yawa a unguwarsu bayan kasuwa, kuma kusa da Hansai take kasa kayanta. Su mutanen dutse ba sa wasa da ƙasa, ta kalli hannun Hansai sau ɗaya ta gane. Ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Mama, zo gida nawa, kashi na akuya yana nan banza." Hansai ta fara zuwa tana kwasowa. Ba a daɗe ba magana ta kai zaure, Alhaji ya aika aka kira ta.

Ya ce, "Yanzu ke, matar ƙanena, a gan ki kina fitowa daga gidan Kirista da kashin dabba a ka? Me mutane za su ce? Su ce Abdurrahman ya kasa riƙe iyalin ɗan'uwansa? Mutuncin gidan nan nake karewa, ba don kaina ba."

Ta ce, "To a bar mini na turke, Alhaji."

"Wannan kuma an gama magana."

Ta daina zuwa, Berthe ta fara kawowa da kanta. Sai ta shigo gidanmu da buhu, mu ɗaga mu miƙa ta katanga. Ba wanda ya hana buhu tsallake katanga, don ba su yi tunanin hanawa ba.

Sai shekarar fari ta zo, wadda shanu suka yi ta faɗuwa a hanyar Marwa. Rijiyar gidansu ta ja baya, sai a jira ta taru. Aka kafa doka: girki da sha tukuna, sannan lambun Usmanu, in an samu ragi Hansai ta ɗiba. Ragi kuwa laka ce. Ta koma tara ruwan alwala da na ɗauraye hatsi a tsohuwar randa, tana ba shuka da ludayi, gindi gindi, ta rufe fangalinta da busasshiyar ciyawa don kada rana ta shanye damshin. A shekarar ce kuma Hajja ta daina auna mata hatsi. Na ji da kunnena tana cewa, "Mai lambu ai ba ta rasa abin ci. A bar wa marasa shi." Amma kullum la'asar sai ta aiko a tsinko alayyafo da yakuwa na miyar gida daga kwarin Hansai, don na Usmanu na sayarwa ne, ba a taɓawa.

Na kasa haƙuri na shiga gidan na sami Hajja tana yankan farce. Na ce, "Hajja, ku ji tsoron Allah. Matar nan ta rame har wuya ya fito." Ta ce, "Fadimatu, ke ba ki san Hansai ba. Son wahala gare ta, ko an ce ta huta ba ta hutawa. Mu da muka ba ta ɗaki muka ba ta fili, mu ne kuma azzalumai? Wata da tuni an kai ta Mayo-Oulo ta zauna gidan suruki tana jin kunya." Na sa maigidana, Malam, ya yi wa Alhaji magana bayan sallar Juma'a. Malam tela ne, mutum mai sanyi, ya je ya dawo yana sosa ƙeya. Wai Alhaji ya yi murmushi ya ce sha'anin gida sai 'yan gida, kuma shi a shari'a bai ci haƙƙin kowa ba, filinsa ne ya ara ya karɓa.

Hansai ta yi ta lalacewa a gabanmu. Bayanta ya fara lanƙwasa, dugaduganta suka tsage har jini, ga wani tari da ta samo a jigilar toka. Wata rana ta faɗi a gangaren kogi da daro a ka, masu wanki suka ɗauko ta. Ta kwana biyu a kwance, wanda ya leƙa ta daga cikin gidan Usmanu ne kaɗai, shi ma tambaya ya zo yi, wai me ya sa ganyen tumatirinsa ke yin rawaya. Ta ce masa ƙasa ci take yi kamar mutum, a riƙa mayar mata da abin da aka cire. Ya ce to, ya fita. Bai mayar da kome ba, takin turke ma sayar wa masu albasa na bakin kogi yake yi.

Duk da haka kwarin nan ya gyaru. Wallahi ya fi na farko. Ta cike shi har ya zo daidai da sauran fili, lakar ta saki, ƙasar ta yi taushi tana riƙe ruwa, in ka wuce bayan an yi ban ruwa ƙanshinta kaɗai ya isa. Matan ma'aikata suka dawo da aike. Ta sayi sabon zane, har na tsokane ta na ce ko wani tsoho ne ya ƙyasa. Ta yi dariya, rabon da in ji dariyarta har na manta. Lambun Usmanu kuwa ya gaji, ya tsufa, ya fara komawa fari daga gefe.

Sai aka sa ranar auren Usmanu.

Na san za a yi haka, ita ma ta sani, amma sani bai rage zafi ba. Alhaji ya zo da hantsi kamar wancan karon, hannu a baya. Ya tsaya ya daɗe yana kallon fangalin da ta gama gyarawa don dashen albasa.

Ya ce, "Hansai, kin ga yaron nan zai ajiye iyali. Wancan wurin ya mutu, ba zai riƙe gida ba. Ke kuwa bakinki ɗaya."

"Alhaji, wancan ba mutuwa ya yi ba, yunwa aka bar shi da ita."

"To, ko ma mene ne. Nan dai zai dawo. Ke kuma ga wajen da mota ke tsayawa can, na sa an janye ta." Wurin tsakuwa ce da marmara, ga baƙin mai ya jiƙe shi. Ya gyara murya ya ce, "Ni na yarda da ke. Allah ya sa wa hannunki albarka, duk inda kika taɓa sai ya gyaru. Irin wannan baiwa ai ba a barinta a wuri ɗaya."

Yabo ne fa yake yi, har zuciyarsa. Ni a bayan katanga sai da jikina ya yi sanyi, don a nan ya faɗi gaskiyar abin da ya mai da ita. Ba matar ƙanensa yake gani ba, abin gyaran fili yake gani, a kai shi nan, in ya gama a ɗauke a kai can.

Hansai ta ce, "In na gyara wancan, wa za a ba?"

"Haba, Hansai! Wa ya san gobe? Allah dai ya kai mu." Yana da sauran 'ya'ya maza biyu suna tasowa, kowa a unguwa ya san gobe.

Ba ta durƙusa ba wannan karon. Ta ce, "Na ji." Ya ce bayan ya dawo daga kasuwar shanu ta Bogo za a yi shinge, ta kwashe 'yan kayanta kafin nan.

Washegari rana ta fito sosai, na ji ana kirana ta katanga. Na leƙa na ga Hansai ta ɗaure ƙugu da tsohon zane, ga shebur, ga daro cike da baƙar ƙasa.

Ta ce, "Fadi, karɓi."

"In kai ina?"

"Tsakar gidanki. An ce in kwashe kayana."

Na tsaya ina kallonta, sai na gane. Wata dariya ta taso mini tare da hawaye, na ce, "Miƙo, 'yar albarka!" Na aika aka kira Berthe, ta bar kayanta a kasuwa ta zo da kwanduna. Hansai na haƙa tana cikawa, Berthe ta hau turmi tana karɓa, ni ina juyewa a gindin ɗakin girki. Malam ya fito zai tafi shago ya ga tulin ƙasa a tsakar gidansa, ya dube ni, na dube shi, ya gyara hula ya wuce.

Hajja ta fito tana salati. "Hansai, kin haukace? Sata da rana tsaka?"

"Hajja, nuna mini daro ɗaya a nan da ba ni na ɗauko ba, in bar miki shi."

"Usmanu! Usmanu, zo ka ga abin da ake yi maka!"

Ya zo da gudu ya tsaya. Ya kai hannu zai riƙe shebur, ta ɗago ta dube shi ta ce, "Taɓa ni, Usmanu. Ni na yi maka wankan jego tare da uwarka. Taɓa ni unguwa ta gani." Matan maƙwabta sun riga sun cika katanga, kowa da goyonta. Ya saki, ya koma gefe yana cewa, "Inna, ba haka ake yi ba, a jira Baba." Ta ce, "Jira shi kai. Ni na gama jira."

Kwanaki muka yi muna wannan aiki, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Matar da tari ke kayarwa, ban san inda ta samo ƙarfin ba. Ba ta bar ramin taki ba, ba ta bar ciyawar rufi ba, irin albasarta ma ta cire shi da ƙasarsa ta jera a faranti. Kwarin ya riƙa komawa kwari, lakar nan mai danƙo ta fara leƙowa daga ƙasa.

Saura fangali ɗaya Alhaji ya dawo. Ko ruwa bai sha ba ya zagayo bayan gida, babbar riga na jan ƙasa. Ya ga rami inda ya bar lambu, bakinsa ya yi ta motsi kafin magana ta fito.

"Wa ya ba ki izini?"

"Kai, Alhaji. Ka ce in kwashe kayana."

"Filina ne!"

"Ga filinka nan, ko taku ɗaya ban rage maka ba. Aro ka ba ni, yadda na karɓa haka zan mayar. Abin da ke cikin daron nan kuwa daga kogi na ɗauko shi, da turken Berthe, da murhun Fadimatu. A kaina ya shigo gidan nan, a kaina zai fita."

Ya juyo wajen matan da ke katanga, ko zai ga mai goya masa baya, ba wadda ta sunkuyar da kai. Sai ya sauke murya, abin da ya fi tsawarsa muni. Ya ce, "Hansai, ki yi tunani. Shekara nawa kina cin arzikin gidan nan? Don darajar marigayi nake riƙe da ke. Na rantse, daro ɗaya in ya ƙara tsallake katangar nan, ki bi shi. Ɗakin ma aro ne."

Berthe ta sauko daga kan turmi ta ce, "Mama, ya isa, bar wannan." Ni ma na tsorata, don ɗakin nan a cikinsa ta yi amarci, a cikinsa mijinta ya cika, ba ta da wani a duniya. Na ce, "Hansai, mun samu da yawa, ƙyale sauran."

Ta dubi ɗakin can nesa, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta sunkuya ta cika daron har ya yi tozo, ta danna da tafin hannu, ta ɗaga shi da kanta ta ɗora a kan katanga. Ta ce, "Fadi, karɓi." Na karɓa.

Kafin magariba an fito mata da tabarma da akwati da tukwane biyu an jibge a ƙofar gida, Hajja ta sa kwaɗo a ɗakin. A zaure Alhaji ya gaya wa mutane ita ta zaɓi tafiya, shi bai kore ta ba, kuma dama tun rasuwar Jafaru kanta ba daidai yake ba. Mai unguwa ya ce Allah ya kyauta. Limamin da ke cin tuwon gidan ya ce haƙuri ya fi. Ba wanda ya ce an zalunce ta, don a ganinsu ba abin da aka karɓa, fili na mai fili ne. Shekarun da mace ta zuba a ciki, da bayanta da ya lanƙwashe, ba su da suna a wurinsu, balle a yi shari'a a kansu. Kuma kada ku ce Alhaji Abdurrahman kaɗai ne. Ku zagaya bayan gidajen garin nan ku ga su wa ake ba fako, ku dawo bayan 'yan shekaru ku ga a hannun wa yake.

Na share mata ɗakin da nake ajiye hatsi, ta shimfiɗa tabarmarta tsakanin buhuna. Da safe na fito na same ta a gindin tulin ƙasarta ta tara tarkace: kwandunan Berthe, fasasshiyar randa, tukunyar da gindinta ya huje, rabin ganga ta ƙarfe da ta roƙo wurin makanike. Tana cika su ɗaya bayan ɗaya tana dasa irin albasa, tana tari tana dasawa.

Malam ya fito ya tsaya yana kallo, tausayi ya kama shi. Ya ce, "Hansai, wannan wahala ce. Albasa a kwando ina za ta yi girma? Ga fili nan bayan rumbu, ba abin da nake yi da shi. Ki baza ƙasarki a can ki yi lambunki sosai, ba mai taɓa ki muddin ina raye."

Na ji daɗi har raina, na ce, "Kin ji ko? Tashi mu fara kwasa."

Ba ta tashi ba. Ta danna gindin wani iri da babban yatsa, ta ɗago ta ce, "Na gode, Malam, Allah ya saka da alheri. Amma a kwando zan bar ta, inda zan iya ɗauka. Kai mutumin kirki ne, na shaida. Sai dai kana da 'ya'ya maza."

Ni na haifi 'ya'yan nan, ni na goye su, na buɗe baki in rantse mata a kansu, rantsuwar ta ƙi fitowa. Sai na shiga ɗaki na ɗauko tsohon darona na wanka, na huda masa gindi da ƙusa, na ajiye a gabanta.